Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai, iyayen gidana, ina gaishe ku, da fatan Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ni ba mai kamfani ba ne, ban kuma taɓa zama a kujerar manaja ba. A ɗakin boila, wato tukunyar da ke tafasa ruwa ya zama tururi, na yi rayuwata. Na fara a wata masaƙa a Kaduna ina yaro mai goge geji da share ƙasa, na ƙare a wani kamfanin shinkafa a nan Kano ina kula da tururi har ƙarfina ya ja baya. Daga wannan ɗaki mai zafi, wanda yawancinku ba ku shiga sai in wani abu ya lalace, nake rubuto muku kan yadda za a ajiye zafi a cikin bulo da wutar sola, a samu tururi ba tare da ƙona mai ba.

Lokacin hunturu a Kaduna, ƙarfe huɗu na asuba muke isa. Baƙin mai yakan yi kauri a cikin tanki kamar ɗanyen zuma, sai an ɗumama shi kafin ya yarda ya bi bututu. In wuta ta kama, sai ka tsaya ka zuba wa allurar geji ido tana hawa a hankali, ba ka da ikon gaggauta ta. Kafin ta kai inda ake so, masu rini sun fara leƙowa suna tambaya, “Malam, tururi ya zo?” Akwai ranar da ba na mantawa. Lantarki akwai, injinan saƙa duk lafiya, ma'aikata sun cika, amma tankar mai ba ta iso ba. Babu tururi, don haka babu sitaci, babu rini, babu busarwa. Daruruwan mutane muka zauna a gindin bango har azahar, sannan aka ce kowa ya tafi gida. Irin waɗannan ranaku suka riƙa yawaita har aka sa kwaɗo a ƙofa. Duk wanda ya yi aikin masaƙa a Kaduna ya san cewa bayan kayan fasa-ƙwauri da rashin wuta, tsadar baƙin mai da ƙarancinsa suna cikin abubuwan da suka kashe masaƙunmu.

Na kawo wannan labari ne saboda in kun haɗu a taro, ko kun je gaban hukuma, ko kun yi magana a rediyo, kukan lantarki ne ke fitowa. Kuka ne na gaskiya, ban musa ba. Dukkanmu mun ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. Amma a kamfanin shinkafa, da na man gyaɗa da waken soya, da na fata, da na sabulu, da na lemo, akwai wani baki mai cin kuɗi wanda ba a cika ambatonsa ba, domin ya ɓuya a cikin lissafin “kuɗin mai” tare da na janareta da na motoci. Wannan baki shi ne zafi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa zafin da masana'antu ke amfani da shi ya kai kashi biyu cikin uku na duk makamashin da suke ci, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na makamashin da duniya baki ɗaya ke ci. Mafi yawansa kuwa ta hanyar ƙona wani abu ake samunsa, ko gawayin ƙasa, ko iskar gas, ko mai, ko itace.

Abin da nake so ku duba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku shiga kowane tsohon gidan burodi a cikin gari. Mai gashi zai cusa itace cikin tandar bulo, ya bari ya ci har bangon ciki ya yi fari, sannan ya kwashe garwashin duka, ya share da jiƙaƙƙen buhu a bakin sanda. Babu sauran wuta a ciki, amma zai gasa zubi na farko, da na biyu, da na uku, da zafin da bulo ya riƙe kawai. Haka katangar ƙasa da ta sha rana take ɗumama bayan mai jingina da ita bayan isha'i. Masu narka ƙarfe a Ingila sun daɗe da mayar da wannan sana'a: a 1857 wani injiniya mai suna Edward Cowper ya yi rajistar wata hasumiya da aka jera bulon wuta a cikinta, ana zafafa bulon, sannan a hura iska ta cikinsa ta fito da zafi zuwa tukunyar narka tama. Har yau manyan masana'antun ƙarfe da ita suke aiki.

Sabon abin da aka ƙara shi ne inda zafin ke fitowa. Maimakon a ƙona wani abu, sai a ratsa wayoyin hita a tsakanin bulon, irin wayar da ke cikin dutsen guga ko risho na lantarki, sai dai manya. Da rana, lokacin da farantan sola ke zubo wuta fiye da yadda ake buƙata, sai a sake ta cikin wayoyin, bulo ya yi ja, ya haura digiri 1,000. An lulluɓe shi da abin da ke hana zafi fita, don haka kaɗan yake rasawa. Duk lokacin da ake son tururi, dare ko rana, sai fanka ta hura iska ta tsakanin bulon, iskar ta wuce ta tafasa ruwa. Tururin da zai shiga bututunku shi ne dai wanda kuka saba da shi. Injin turara shanshera bai san ko daga mai ya fito ko daga rana ba.

An riga an gina irin wannan, yana kuma aiki. Wani kamfanin Amurka mai suna Rondo ya kunna na farko a 2023 a wata masana'antar itanol a garin Pixley da ke Kalifoniya, ɗan ƙarami mai ɗaukar megawat-awa 2 (megawat-awa ɗaya kilowat-awa dubu ne, wato yunit dubu na mitar wuta). A 2025 suka kunna mai ɗaukar megawat-awa 100 a gundumar Kern ta jihar, wanda gonar sola tasa ta kansa ke ciyar da shi ba tare da layin gwamnati ba. Wannan na biyun tururinsa wajen haƙo ɗanyen mai ake amfani da shi, abin da bai yi mini daɗi ba, amma ya tabbatar da abin da ya shafe mu kai tsaye: ana iya samun tururi mai yawa dare da rana daga sola da bulo kaɗai, a wurin da ba a dogara da layin wuta ba. A Finland kuma yashi suka zuba. Kamfanin Polar Night Energy ya cika wani rumbun ƙarfe da yashi tan 100 a garin Kankaanpää a 2022, ana zafafa shi zuwa wajen digiri 500, yana riƙe megawat-awa 8. A 2025 suka gina babba a Pornainen da niƙaƙƙen dutse tan 2,000, mai ɗaukar megawat-awa 100, wanda ke ɗumama gidaje da makarantun garin. Mutanen da rana ke ɓace musu kusan ɗungurungum a tsakiyar sanyi ke nan. Mu kuwa a Kano, kowane murabba'in mita na ƙasa yana shan hasken da ya kai tsakanin kilowat-awa 5 da 6 a rana ɗaya in an yi matsakaicin shekara.

Na san ku, Alhazai, labarin Turawa ba ya motsa ku sai an zo kan lissafi. To ga shi, kuma duk injiniyan da ke gidanku zai iya bin sawunsa da biro. Kafin ka mayar da ruwan sanyi tan ɗaya ya zama tururi mai ƙarfin da kamfani ke so, sai ka zuba masa zafi kimanin kilowat-awa 750. Litar man gas ɗaya tana ɗauke da kusan kilowat-awa 10, amma boila mai lafiya 8 da ɗoriya take ba ka, saura ya bi bututun hayaƙi. Wato tan ɗaya na tururi yana shan lita 90 ko kusa da haka. Ɗauki matsakaicin kamfani mai cin tan 2 a awa, dare da rana. Tan 48 ke nan a yini, lita sama da 4,000, kuma tun da kowace lita tana sakin iskar kabon kimanin kilo 2.7, wannan kamfani ɗaya yana tura fiye da tan 11 sama kullum. Shi kuwa bulo, tan ɗaya in ka ɗaga zafinsa da digiri 1,000 yana riƙe kusan kilowat-awa 280, daidai da man da ke cikin lita 28. Don wannan kamfani ya ratsa awa 16 da babu rana mai ƙarfi, bulo kusan tan 90 yake buƙata a lissafi, a ce tan 100 in an bar rara. Lodin tirela uku zuwa huɗu ke nan. Ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa, gobe ma shi za a sake zafafawa.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi batir ba, tun da yanzu kowa ya san sola da batir. Amsar ita ce batirin litiyom an yi shi ne don ya dawo maka da lantarki, kuma wannan baiwar kake biya da tsada. In abin da kake nema a ƙarshe ruwan zafi ne ko tururi, ka sayi doki ne don ya yi aikin jaki. Lantarki in ya bi ta wayar hita kusan dukkansa yake zama zafi, bulo kuma ya fi batir araha nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi tsawon rai. Amma a kula da juyin wannan magana: in aka ce za a mayar da zafin bulo ya koma lantarki don kunna injina, fiye da rabi zai salwanta a hanya. Wannan rumbu ba magajin janareta ba ne. Magajin man da ke shiga boila ne.

Yanzu bari in faɗi inda gizo ke saƙar, domin ba na son wani ya zo ya sayar muku da abin da ba zai biya ba, ku ce ni na jawo. In kuka ce da wutar layi za ku zafafa bulon, kun yi asara tun kafin a fara. A watan Afrilu na 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 a kan kowane kilowat-awa. Ku kwatanta: in litar man gas tana naira 1,200, zafin da ake samu daga gare ta ya tashi wajen naira 140 a kan kilowat-awa. Man ya fi araha. Abin ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai da sola taku ta kanku, wadda za ta zubo kai tsaye cikin bulon. Farashin wutar manyan gonakin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2023, kuma wannan faɗuwar ce ta buɗe ƙofar da da take rufe. Sai dai sola tana son fili. Megawat ɗaya yana cin kadada ɗaya da rabi zuwa biyu, yana ba da megawat-awa 4 zuwa 5 a rana. Kamfanin da na yi misali da shi zai nemi wajen megawat 8, wato fili fiye da kadada goma sha biyu. Wa ke da wannan a cikin Sharaɗa ko Bompai yau? Babu. Sannan kuɗin duka a farko ake zuba su, a ƙasar da Babban Banki ya kai ruwan da yake ɗorawa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Ga hazo da ke rufe farantai da ƙura sai an yi ta wankewa, ga hadarin Agusta. Duk wanda ya ce ku cire tsohuwar boila ku sayar da ita, kada ku saurare shi. A bar ta a wurinta tana jiran ranar da rana ta ƙi fitowa.

Akwai kuma wuraren da wannan ba shi ne magani ba. Kamfanin shinkafar da ke ƙona ɓuntunsa a boila mai kyau ya riga ya sami man da bai saya ba, ya riƙe abinsa. Majema da ruwan ɗumi kawai suke so, wanda bai kai tafasa ba, tankin ruwan zafi na rana ko injin jawo zafi daga iska ya ishe su, ba sai sun je ga bulo mai digiri dubu ba. Siminti kuwa ko an daina ƙona gawayi gaba ɗaya, fiye da rabin hayaƙinsa daga jikin dutsen farar ƙasa yake fita lokacin da ake gasa shi. Kuma in za a zaɓa, ni bulo ko dutse zan zaɓa a kan narkakken gishiri. Babbar tashar wutar rana ta Noor da ke Warzazat a Maroko da gishiri take ajiye zafi, tana aiki kuwa, amma a 2024 tankin gishirin ɓangare na uku ya yi yoyo, aka rufe shi watanni masu yawa. Bulo ba ya yoyo, kuma in ɗaya ya tsage, magini ya san yadda ake sauya shi.

Na san da yawa daga cikinku idonku yana kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Allah ya kawo shi lafiya, zai rage wahala, ya kuma fi baƙin mai tsafta. Amma ni da na ga yadda tanka ɗaya da ba ta iso ba ta zaunar da masaƙa guda, ba zan so in ga Kano ta sake rataya duk tururinta a kan igiya ɗaya da ta taso daga nesa ba. Rana a kan rufinmu take faɗuwa, babu mai tare ta a hanya, babu mai fasa ta, ba a kuma sayenta da dala kowane wata.

Roƙona na farko bai da tsada ko kaɗan. Ku auna. A duk shekarun da na yi, ban yi aiki a wurin da aka san adadin tururin da kowane sashe ke sha a awa ba. An san litocin da aka saya, shi ke nan. Na sha tafiya a bayan bututun da rigarsa ta yage, zafi na dukan fuskata daga taku uku, na sha ganin bawul, wato makullin bututu, yana tsartuwa wata da watanni, ana cewa a bari sai an rufe don salla. Wannan duk kuɗinku ne ke tashi sama. Ku sa mita a kan bututun tururi, ku ware kuɗin man boila daga na janareta a littafi, ku rubuta zafin da kowane aiki ke bukata. Wata shida na wannan zai nuna wa kowane mai kamfani ko rumbun zafi zai biya shi ko ba zai biya ba, kuma ko bai gina komai ba, gyaran yoyo da rufe bututu kaɗai za su dawo masa da kuɗin mitar.

Na biyu shi ne wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ku haɗa kai ku gina guda ɗaya, na gwaji, wanda kowa zai iya zuwa ya gani, domin gani ya kori ji. Challawa ce ta fi dacewa, tun da tana da fili a gefenta, kuma a nan ne aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a watan Janairu na 2023, don haka mutanen wurin sun saba da farantai da wankinsu da gadinsu. Kamfanoni uku ko huɗu da ke katanga ɗaya za su iya raba rumbu guda da bututu guda, kowa ya biya gwargwadon abin da mitarsa ta nuna. Ba sai an fara da babba ba. Na Pixley ma megawat-awa 2 ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rubuta komai a fili, har ranar da ya gaza da dalilin gazawar, domin na gaba ya gina wanda ya fi shi. Da wannan takarda a hannu ne za ku iya zama da Bankin Masana'antu ku nemi bashi mai dogon zango, da ita kuma za ku je wa gwamnatin jiha. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Abin da za ku nema a can a bayyane yake: fili a bayan gari, da izinin jawo waya daga gonar sola zuwa rumbu ba tare da an ɗora muku kuɗin da zai kashe ribar ba. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, kuma ba a cika wannan alkawari ba tare da an taɓa boilolin masana'antu ba. Kuna da hujjar da za ku tsaya a kanta. Masu fitar da kaya zuwa Turai kuma su sani cewa tun Oktoba na 2023 Tarayyar Turai ta fara tambayar yawan kabon da ke bayan siminti da ƙarfe da alminiyom da taki da ake kai mata. Fata da abinci ba su cikin jerin, amma masu sayen kaya sun koyi yin tambayar.

Akwai wani abin da ke sa ni farin ciki in na tuna shi. Farantan sola yawancinsu daga waje za mu sayo. Amma bulon wuta daga farin yumɓu ake yinsa, muna kuwa da shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alƙaleri ta jihar Bauchi. Muna da masu walda da ke haɗa tanki da bututu kullum, muna da magina, muna da malaman injiniya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello waɗanda za su iya gwada yumɓunmu su faɗi zafin da zai jure da sau nawa zai yi zafi ya huce kafin ya tsage. Ku ba su aikin da kuɗinsa, ku ce ga abin da kuke so a auna. Rabin wannan na'ura aikin hannun mutanenmu ne, kuma yaran da muka koya wa boila ba za su rasa aiki ba, domin har yanzu ruwa ne da tururi da geji, sai dai babu toka da baƙin hayaƙi.

Hayaƙin nan kuwa ba a takardun taron duniya kawai yake ba. Ni na shaƙe shi shekara da shekaru, abokan aikina da yawa da tari suka tsufa. Matan unguwannin da ke bayan katangunku sun san ranar da aka kunna mai marar kyau, domin wankin da suka shanya ne ke gaya musu. Ƙananan masu turara shinkafa da gidajen burodi kuwa itace suke ƙonawa, kuna kuma ganin motocinsa suna shigowa gari kullum, dajin da ake sarowa yana ƙara nisa. Su ba su da ƙarfin gwada sabon abu. Ku ne kuke da shi, kuma in ya yi aiki a hannunku, za a iya ƙera ƙanana da za su kai gare su.

In ƙungiyarku ta ga dama ta sa wannan magana a zamanta na gaba, ina roƙon a kira masu kula da boila na kamfanoninku su zauna a ciki, a tambaye su inda tururi ke zuba da lokacin da allura ke faɗuwa. Sun sani, ba a dai taɓa tambayarsu ba. Ni ma in an neme ni zan zo da tsohon littafina na aiki, mu fara daga kamfanin da ya fara sa mita.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin boila, Kano